Motar da Ba Ta Sallama

Na sayi motar a shekarar da fetur ya fara gagarar masu albashi. Ta hannu ce, wani ya more ta shekaru a ƙasar waje kafin ta iso wurin dillali a Kano. Baƙa, doguwa, mai kujerun fata, irin wadda in ta tsaya a bakin ofis masinja kan miƙe tsaye tun bai ga wa ke ciki ba. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce don tsimin mai na saye ta, tunda da fetur da batir take tafiya, in wannan ya huta wancan ya karɓa. Gaskiya ce, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne na haura hamsin ina jan wata akwala mai fasasshen salansa, na gaji da a ji ni kafin a gan ni.

Ba a murɗa mata makulli. Maɓalli ake dannawa, wani ɗan koren rubutu ya fito a gabanka, shi ke nan ta tashi. Ba gurnani, ba girgiza. Muddin a hankali kake tafiya, batir ne ke jan ta, ba abin da za ka ji sai tayoyi a kan tsakuwa. Jalingo kuwa, inda nake zaune, da kunne ake tuƙi a cikinta. A makon farko na tsaya a cunkoson bakin babbar kasuwa, sai wani mai keke ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, ya mutu ne? A tura?" Na ce masa a kunne take. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda girman kai ya hana shi neman taimako. A wani lungu na unguwar Sarkin Dawaki na bi bayan wani dattijo da tumakinsa har kusan ƙarshen layi, bai waiwayo ba, tumakin ma ba su kauce ba, ni kuma na ji nauyin danna masa hon.

Makanikina ɗan ƙabilar Mumuye ne, ya fi shekara goma yana gyara mini mota. Aikinsa da kunne yake yi: ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido, sai ya faɗa maka abin da ya lalace. Da na kai masa wannan ya buɗe bonet, ya ga manyan wayoyi masu ruwan lemo sun ratsa ko'ina, sai ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "Oga, wannan ba na taɓa shi. Mota da ba ya kuka, ina zan san wurin da yana ciwo? Mai zan canja maka, sauran ka kai wa masu kwamfuta." Haka muka zauna da shi har yau, shi ya canja mai, ni in yi addu'a kada batirin ya gaza.

Aibinta ɗaya da na gano da wuri, cikinta a ƙasa yake. Damina ta zaizaye hanyar gidan mahaifiyata a Abbare, kowane rami sai ta goga ciki, shi ya sa na ci gaba da zuwa can a tsohuwar motar har ruwa ya ɗauke aka zuba jar ƙasa. Sannan na sayar da akwalar.

Dada muke ce wa mahaifiyarmu. Ni ne ɗanta na fari, gidanmu kuwa na Fulanin da suka bar shanu tun zamanin kakanni ne amma ba su bar kunya ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kukan zafi ko sanyi in ina wurin, magana ma sai ta bi ta kan ƙanwata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. "Ki ce masa ya gaida iyali," ni kuwa ina zaune taku uku daga inda take. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan je. Kullum a wuri ɗaya nake samunta, zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, da wankakken zane, carbi a hannu, mayafi ya rufe ƙafafunta. Mu gaisa, in ɗan zauna, in tashi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba na ganin ta a tsaye ba.

Ranar da na fara zuwa da sabuwar, na lallaɓa da ita har ƙofar gida, raina fes, ina so a fito a gani. Na shiga zaure, na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji nishi. Ta gefen labulen buhu da ke ƙofar ciki na hango su. Dada na rarrafe daga bayan gida zuwa ɗakinta, kanta ba ɗankwali, ƙanwata ta durƙusa ta tallafe ta ta hammata. Ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga gwiwa, an naɗe ta da tsumma. Duk jan jiki ɗaya sai ta kira sunan Allah da wata murya da ban san tana da ita ba.

Na ja da baya a kan yatsun ƙafa. Na shiga mota na sa ribas, ta sulale da ni har kwanar layi ba wanda ya ji. A nan na danna hon sau uku, na zauna riƙe da sitiyari na kamar minti goma. Tsoro na ji, da kunya, da haushin kaina. Sannan na koma, na yi sallama tun daga waje. Na same ta a tabarma, da carbinta, mayafi a kan ƙafafu. Gumi ne kawai a goshinta. Muka gaisa yadda muka saba, ta ce wa ƙanwata a ce mini Allah ya sanya alheri a abin hawa.

Da ƙanwata ta rako ni zaure na tambaye ta tun yaushe. Ta dube ni, ta gane na gani. Ta ce, "Hamma, tun kafin azumi. Waccan motar taka tun daga kwalbati muke jin ta. Kafin ka iso na ɗauko ta na zaunar, na ɗaura mata ɗankwali. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba."

Na ce gobe za a kai ta asibiti. Ta ce Dada ba za ta yarda a ɗauke ta kamar kaya a gabana ba, ta gwammace ƙafar ta ruɓe. Na san ba ƙari ta yi ba. Kwana huɗu aka yi ana wannan jan, ni ina waje, ƙanwata na kai saƙo tana dawowa da amsa, kamar masu neman aure. A ƙarshe wata goggonmu ta zo daga Kachalla Sembe ta yanke magana: zan kawo mota, amma ba zan fito ba, ba kuma zan waiwaya ba.

Da safe na tsayar da motar, ƙofar baya daidai bakin zaure. Na tanƙwara madubin tsakiya ya kalli rufi, na naɗe na gefe, na sa ido a kan katangar maƙwabta. Mata uku suka fito da ita. Na ji motar ta ɗan nutse, na ji fatar kujera ta yi ƙara, aka rufe ƙofa. An gina motar ne don kada hayaniyar waje ta dami mai kuɗin da ke ciki, saboda haka da aka rufe sai ya zama ba abin da ake ji sai numfashinmu. Nata ina jin yadda take riƙe shi, ta sake shi kaɗan-kaɗan ta hanci.

Na fara tafiya a hankali. Ba mu kai kwanar layi ba ta yi magana, ƙasa-ƙasa, da Fulatanci. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa ya kunna injin."

Ƙanwata ta ce, "Dada, a kunne take."

Sai a lokacin na gane abin da take jira. Na taka totur, injin fetur ya farka, amma ƙararsa ba ta kai ta keken ɗinki ba. Na sauke gilasai huɗu, na ƙure fankar esi, na kunna rediyo na kai shi maƙura. Wani mutum ne ke bayani a kan takin zamani. Haka muka ratsa Abbare, baƙar mota mai kujerun fata tana ihu, mutane na juyowa suna kallon wannan marar tarbiyya.

Duk da haka na ji nishinta, sau biyu, a kan kwalbati da kuma inda kwalta ta fara. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, ni nake kai ta ganin likita in dawo da ita, kuma har ta rasu tana ganin ban ji ba.