Zaman Tagar Ƙarshe

A kamfanin bas-bas ɗin da ta yi wa aiki, Anti Rumbu ake kiranta, don ita ke kula da rumbun bayanai. Ofishinta na sama ne, sanyi kamar cikin firji, sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, na gurnani a kusurwa.

A farkon aikinta akwai abin da ya hana ta sakat. Duk kwamfutar da ta shiga rumbun, akan buɗe mata zama mai lambarsa. Wani lokaci sai zama ɗaya ya riƙe kujerar mota ya ƙi saki, sauran tagogin sayar da tikiti su tsaya cak, fasinjoji na ta mita. Tana ganin lambar zaman, amma ba ta san na wace taga ba ne. Ran nan ta yi canke ta kashe wani zama, ashe na manaja ne, yana tsakiyar aiki.

"Ki nemo mai laifin, ni ki bar ni in sarara," in ji shi.

Sai ta ƙara 'yan layuka a manhajar sabar. Da an buɗe zama, manhajar za ta tambayi rumbun lambar zaman da take ciki, ta haɗa ta da sunan tagar.

Da abin ya sake faruwa, ta duba, ta sauko da fushinta. Tagar ƙarshe ce, an bar ciniki rabi, ba kowa. Can ta hango mai tagar, wani da ake kira Dogo, yana kai wa wata tsohuwa jaka mota.

"Malam, kai ne ka tsayar da tasha gaba ɗaya?"

"Ni da ko tasi ba ta tsaya mini?"

Dariya ta kuɓuce mata. Ta koya masa ya riƙa kammala ciniki kafin ya tashi. Ya koya kuwa, amma ya yi ta hawowa sama da tambayoyi marasa kan gado, har dai ya turo manyansa gidansu.

Yanzu duk sun yi ritaya. An rufe tagogin, a waya ake sayen tikiti. Kwanaki autarsu na saya musu na zuwa ganin jika, Anti ta leƙa wayar.

"In mutum biyu suka zaɓi kujera ɗaya fa?"

"Mama, ki huta mana."

Sai ta ji kewar hayaniyar tashar da rana tsaka. Daga ɗaki Dogo ya tambaya wa ya ga tabarau ɗinsa, ta tashi ta je nema.