Tudun Tawada

Maigidana tsofaffin takardun kuɗi yake dubawa, irin waɗanda aka daina karɓa tun kafin a yi mana aure. Akwai masu tara su, wai sha'awa, kuma ba sa saye sai ya faɗi matsayin takarda: sabuwa ce fil ba ta taɓa shiga aljihu ba, ko an taɓa ninke ta, ko ta sha hannu har ta yi laushi. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, daga tebur sai fitila sai madubin ƙara girma. Madubin ma ado ne, da yatsa yake aiki.

In ji shi, takardar da ba a wahalar ba tawadarta tana da ɗan tudu. Macuta kan wanke tsohuwar takarda su bi ta da dutsen guga, ta fito tas, ido ya ruɗu, amma tudun ya riga ya kwanta. Shi kuwa sai ya lumshe ido, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Wannan ta yi wanka."

Na sha jin haushin yatsun nan. Mutum ba ya buga ƙusa, ba ya ɗaukar kofi mai zafi, ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ni na hau kujera. In na ce masa ango, ya yi dariya ya ƙara shafa mai.

Ciwon sugan da ya kama shi ta ƙafa ya faro. Da ya iso hannu bai faɗa mini ba, ni na ga maɓallin riga yana gagararsa. Likita ya ce jijiyoyi ne, a kiyaye abinci. Wallahi na kiyaye, har yara suka yi wa tukunyata yaji, amma jin yatsunsa bai dawo ba.

Wata rana na kai masa abincin rana, na tarar da shi ya tasa wata takarda a gaba. Wani alhaji ne, tsohon mai hulɗa da shi, ya bar ta ya tafi masallaci. In ya dawo, ko ya saya ko ya fasa, kalmar maigidana yake jira.

"Maman yara, wanke hannu ki zo."

Na wanke na goge. Ya kama yatsana ya ɗora a kusurwar takardar.

"A hankali. Me kika ji?"

"Takarda, Malam."

"Na san takarda ce. Akwai tudu? Kamar zare a ƙarƙashin fata?"

Na rufe ido yadda yake yi, na shafa, na sake shafawa. Na so in ce akwai, na so in ce babu, ko wanne zai sa ya saki ransa. Amma hannun da ya tsufa a omo da soson ƙarfe me zai ji? Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

"Ni dai ban ji komai ba."

Ya saki yatsana, ya mayar da takardar cikin ledarta. Da alhajin ya dawo, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, ka kai wa wani. Ban sani ba."

Alhajin ya fashe da dariya, ya zaci tsokana ce. "Wani wa? Ai duk wanda na kai wa, nan zai turo ni."

Maigidana ya laluba makunnin fitilar tebur, ya danna bai samu ba, sai ni na kashe masa.