Ba a Gaisuwa a Bakin Sikeli

Shekarar da na kama aikin ɗinkin buhu a rumfar awon gyaɗa ta kamfani a Gwarzo, dokar da aka fara gaya mana ita ce ba a gaisuwa a bakin sikeli. Wai manya a Kano sun gano daga "ina kwana" ake fara haɗa baki a cuci kamfani. Duk ma'aikacin da aka kama ya gaisa da mai kawo gyaɗa, ranar zai bar aiki. Ka ji fa, a ƙasar da ko akuyarka sai an tambayi lafiyarta. Abin da aka yarda mai awo ya furta shi ne nauyin buhu, sai kuma "na gaba".

Mai awonmu mutumin Gude ne, ɗan gidan malamai, ga ladabi har ya yi yawa. Ni da bakina ba ya shiru, nakan tsokane shi in ce da basillata kamfani ya ɗinke masa baki. Sai ya yi murmushi. Yana da mata da yara a gidan haya, kuma gonar gidansu ba ta isar kowa. Aikin nan shi ne tuwonsu.

Wata ranar kasuwa sufeto ya zo daga Kano, ya ja kujera ya zauna dab da sikeli. Ana cikin awo sai ga mahaifin mai awo a layi da jakinsa. Bai taɓa kawo gyaɗa rumfarmu ba, bai san da wata doka ba. Da layi ya zo kansa, ya tsaya yana jiran ɗansa ya tuɓe takalmi ya durƙusa kamar kullum. Da ya ji shiru, shi da kansa ya yi masa sannu da aiki, ya tambayi mutanen gida.

Wallahi ina kallon gumi yana bin wuyan bawan Allahn nan. Ya saci kallon sufeto, ya mai da ido kan sikeli, ya faɗi nauyi. Tsohon ya ɗauka bai ji ba, ya sake yi masa sannu.

"Na gaba," in ji mai awo.

Tsohon ya ja jakinsa ya tafi. Sufeto kuwa har yaba wa mai awo ya yi a gabanmu. Tun ranar na tsani aikin nan, kuma har yau ban huce ba.

Ranar Juma'a mai awo ya roƙe ni in raka shi Gude ya ba da haƙuri. Muka tarar da tsohon a zaure da baƙi. Tun daga waje mai awo ya tuɓe takalmi, ya shiga ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya kawo zancen doka, da sufeto, da yaran da ke jiran abinci. Tsohon bai katse shi ba, yana ta jan carbi. Da ya gama, sai tsohon ya ɗaga kai ya dubi bayan ɗansa, inda nake tsugune.

"Na gaba," ya ce.