Mai Keke da Fuskar Jikarsa

A layin masu ɗinki, in keke ya fara tsinke zare ko yana tauna yadi, ba a kiran kowa sai Mai Keke. Sunansa na gaskiya yana nan, amma in ka tambaya da shi, ko maƙwabcin shagonsa sai ya ɗan sosa ƙeya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga baki ga kafiya. Tun yana saurayi yake kwance kekunan ɗinki yana ɗaurawa a wani ɗan shago mai warin mai da tsatsa, inda kawunan kekuna ke jere a kan katako, wasu masu su sun manta da su, wasu kuma masu su sun riga mu gidan gaskiya. Ba ya tambayar tela abin da ya sami kekensa. Sai dai ya ce, "Taka in ji." Tela ya taka, shi kuma ya karkata kai ya saurara, ya miƙa hannu ya ɗauko sukundireba.

Kyamara da girmansa ta same shi, furfura ta riga ta cinye gemu. Wani mai ɗinkin kayan amare ne ya kawo gyara da wata 'yar baƙar kyamara rataye a wuya. Shi kuwa Mai Keke ba ya iya ganin na'ura bai nemi sanin abin da ke cikinta ba. Mai ita ya yi masa bayani cewa manyan kyamarorin nan na da akwai madubi a cikinsu, yana ɗagawa yana sauka, shi ya sa suke da nauyi da ƙara. Wannan ba ta da madubi. In ka sa ido a 'yar tagar leƙenta, wani ɗan mitsitsin talabijin kake kallo, yana nuna maka abin da ke gabanka da haskensa. Ranar Mai Keke ya gyara keken a gurguje, hankalinsa duk yana wani wuri. Bai huta ba sai da ya samo irinta ta hannu, da ɗan gilashinta guda ɗaya, shafal kamar marfin kwalba.

Gilashin nan ba ya jawo nesa kusa, kuma wannan ne ya ba Dogo tela abin faɗa. Dogo abokinsa ne na shekaru, shagonsu bango ɗaya ya raba, kuma bai taɓa barin wata dama ta tsokana ta wuce shi ba.

"Kai dai an cuce ka," in ji Dogo. "Wayata ma tana jawo mutum daga tsallaken titi. Taka kuwa sai ka taka da ƙafa, kamar mai karɓar gaisuwa."

"To ai shi ne daɗinta," in ji Mai Keke. "Wanda kake son gani, ka tashi ka je wurinsa. Kai da ka saba leƙen mutane daga nesa ba za ka gane ba."

Haka kuwa yake yi. Sai ya je, ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi yara, a zuba masa shayi ya sha. Sai mutum ya manta da kyamarar ya koma kan aikinsa, sannan ya ɗaga ta ya ce, "In ɗauka?" Bai taɓa ɗaukar wanda bai ce masa to ba. Ya ɗauki hannun Dogo yana zura zare, ya ɗauki mai guga cikin tururi, ya ɗauki mai sayar da maɓallai tana gyangyaɗi a bayan kwalabenta, bayan ta farka ta ce ya jira ta koma barcin. In aka kira shi ɗaukar biki sai ya ce, "Ni mai keke ne, ku nemi masu hoto." Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, ita ce ta fi shan wahalarsa. Kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai bai taɓa ɗaukarta ta yi kwalliya ba, sai tana wanki ko tana faɗa. Shi kuma ya ce a nan ne ta fi kama da kanta.

Da aka haifa masa jikan fari, ɗan Akawu, babban ɗansa, sai Mai Keke ya zama kamar ya tare a gidan. Ya ɗauki yaron yana hamma, yana barci, yana riƙe da ɗan yatsan uwarsa. Ba a taɓa ganin hotunansa masu kyau irin waɗannan ba, shi ma ya san haka, bai kuma yi wata kara ba wajen faɗa. Dangi suka yi ta tura wa juna a waya. Yaron bai kai ga rarrafe ba Allah ya karɓi abinsa.

Daga nan hotunan suka fara dawowa. Wannan ta turo da addu'a a ƙasa, wancan ya ɗora a shafinsa da alamar hawaye, wata gwaggo kuma duk sanda ta tuna sai ta sake turowa. Kowa da kyakkyawar niyya, kuma ba abin da ya kai kyakkyawar niyyar dangi wuyar hanawa. Uwar yaron, da ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta daina buɗe wayarta gaba ɗaya. Ba wanda ya ce wa Mai Keke komai. Shi da kansa ya daina shiga gidan ɗansa da kyamara, abin kuma ya yi masa ciwo ƙwarai, don da hannunsa ya yi abin da ke sa ta kuka.

Bayan wannan ne idonsa ya fara taɓuwa. Da farko gefen ƙofa ya ga ya lanƙwashe. Sannan wani duhu ya zauna a tsakiyar ganinsa, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Yana ganin gefe da gefe, yana ganin hanya, yana ganin mutum ya taho, amma in ya dubi fuskar sai ta ɓace. Likita ya ce magani zai rage saurin abin, tabarau kuwa ba zai yi komai ba. Umma kaɗai ya faɗa wa, ya kuma roƙe ta ta riƙe bakinta. Dalilinsa ɗaya ne: Akawu. Akawu irin 'ya'yan nan ne masu son iyayensu da kwaɗo da mukulli. In ya ji, ranar za a rufe shago, a hana tsallaka titi, a ajiye shi a kujera da rediyo. Mai Keke ya ce shi bai mutu ba tukuna.

Aiki bai tsaya ba, don kunne da yatsu sun san keke fiye da ido. Sauran kuma kyamara ta ɗauke masa. Wata rana ya sa ido a 'yar tagar, ya danna maɓallin da ke ƙara girman abu don a daidaita gani, sai ga kafar allura ta cika masa ido, tas da ita. Ya juya ya dubi Dogo, sai ga Dogo da hancinsa da komai. Tun daga ranar kyamara ba ta sauka daga wuyansa ba. Da ita yake karanta lambar mota, da ita yake gane mai gaishe shi. Mutanen layi suka ce tsohon nan hoto ya zame masa ciwo, shi kuwa ya bar su da zancensu.

Sai Malama ta sake haihuwa, mace. Akawu ya zo da kansa ya faɗa, ya yi ta murza hula a hannu, sannan ya ce, "Baba, sai dai ta roƙi alfarma. Wannan karon ba hoto. Ko na waya."

"Ta yi daidai," in ji Mai Keke. "Ka ce mata na ji."

Ya rataye kyamara a ƙusa, Umma ta kama gefen rigarsa yadda ba mai lura, suka tafi. Aka miƙo masa jaririya. Ya ji nauyinta, ya ji ɗuminta, ya ga farin tawul da ɗan hannu yana motsi a gefe. Inda fuskar take kuwa, duhun nan ne zaune. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ko zai sato ta ta gefen ido, bai samu komai ba sai inuwa.

Matan da ke ɗakin suka ce, "Kai ta ɗebo sak, har goshin."

Malama ta ce a hankali, "Baba, kun ga ɗan baƙin tabon nan a gefen hancinta?"

"Na gani," in ji shi. "Masha Allahu."

Washegari ya zauna a shago ya ɓata noti biyu da bai kamata ya ɓata ba. Dogo ya matsa masa da tambaya har ya faɗa masa rabin gaskiya, wato yana son ganin yarinyar a kyamara, an hana. Dogo ya ce, "Ba kai ka ce min tana ɗauka ba ƙara ba? Ka rataye ta a ƙirji ka danna, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Mai Keke.

Da ya koma gida Umma ta ajiye masa abinci ta zauna gabansa. Ta ce, "Malam, yaran nan saurin canjawa gare su. Fuskar da take da ita yau ba ita za ta tashi da ita wata mai zuwa ba. Kuma ka ji abin da likita ya ce, idon ba gaba zai yi ba. Ka zaɓa, shago ko yarinya."

Ya ce, "Wa ya ce miki sai ɗaya zan ɗauka?" Amma ya san gaskiya ta faɗa, kuma tsoro ya kama shi, tsoron kujera da rediyo, da tsoron ya rasa fuskar nan gaba ɗaya.

Washegari da hantsi ya saka rigarsa mai kyau, ya sauke kyamara daga ƙusa ya rataya. Akawu ne ya buɗe ƙofa, yana ganin abin da ke wuyan ubansa ya tsaya a bakin ƙofar.

"Baba, mun yi magana."

"Mun yi. Matsa, ba wurinka na zo ba."

Malama tana zaune a falo da yarinyar a cinya. Bai ga fuskarta ba, amma ya ga hannunta ya ja tawul ya rufe jaririyar. Ya zauna a kujerar da ke kusa da ita. Ya lalubi gefen kyamarar, ya buɗe wani ɗan murfi, ya zaro memori, ɗan katin da hotuna ke zama a ciki, ya miƙa mata.

"Riƙe wannan, 'yata. In babu shi, ba abin da za ta ajiye. Kallo kawai za ta yi."

Ta karɓa ba tare da ta gane ba. Ya ce, "Rannan kin tambaye ni tabo, na ce na gani. Ban gani ba. Idona ya taɓu, ba na ganin fuska sai ta cikin wannan abin. Na ɗauki jikata a hannu, ban san kamanninta ba. Ba hoto nake roƙo ba. In kin yarda, in duba ta kawai. In ba ki yarda ba, in tashi in tafi, kuma ba komai tsakaninmu."

Akawu ya ce, "Tun yaushe? Kuma kake tsallaka titi kai kaɗai? Baba, shagon nan..."

"Maganar shago za mu yi ta, kuma ka shirya, don ba zan ba ka sauƙi ba. Yanzu ka yi min shiru."

Sannan ya ji motsin zanenta ta miƙe, ya ji an ja labule, haske ya shigo. Ta dawo ta durƙusa a gabansa, ta yaye tawul ɗin.

Gilashin ba ya jawowa, don haka ya sauko daga kujera ya durƙusa shi ma, gwiwoyinsa suna ƙara, ya matso har yana jin numfashin yarinyar. Ya sa ido a tagar, ya danna maɓallin ƙara girma. Sai ga gira 'yar siririya. Ya matsa kaɗan, ga hanci, ga ɗan tabon a gefensa, ƙarami kamar ƙwayar riɗi. Ga leɓe yana tsotson iska. Ya bi fuskar nan sannu a hankali, yanki bayan yanki, yadda yake bin keken da bai taɓa kwancewa ba. Farin ciki ya cika shi, ya dafe gwiwar hannu a cinya don hoton ya tsaya.

"Ƙarya suke min," ya ce. "Wannan ba goshina ba ne. Allah ya rufa mata asiri."

Ya ji Malama ta yi 'yar dariya. Sai ya ce, "In dube ki?"

"To, Baba."

Ya ɗaga kyamarar. Tun da idonsa ya taɓu bai ga fuskarta ba, yana ɗauke da ita a kansa da kumatunta na da. Yanzu ya ga ta rame, ƙasan idonta ya yi duhu, hawaye na gangarowa tana murmushi, hannunta ɗaya a dunƙule a ƙirji da ɗan katin a ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Ke ta ɗebo," ya ce. "Sannu, 'yata. Ashe haka kika sha wuya, ina zuwa ina gaishe ki ban sani ba."