Tawul ɗin Inna Maɓalli

A kamfanin da ke wanke wa otal-otal da asibitoci kaya, ba mai tuna sunanta na yanka. Inna Maɓalli kowa ke kiranta, har Manaja. Teburinta yana lungu tsakanin injinan busarwa da wurin guga, inda ya fi ko'ina zafi, kuma aikinta ɗaya ne: duk kayan da suka shigo ba alama, ita ke ɗinka musu.

Alamar 'yar na'ura ce mai ɗauke da lamba, ba batir a cikinta, sai injin karantawa ya matso kusa take amsawa. Injiniyan kamfanin yana kiranta RFID. Inna ta ce ita ba za ta karya harshenta da tsufanta ba, maɓalli ne kawai. Ta san halin kowanne kamar 'ya'yan cikinta. Akwai zagayayye mai tauri na rigunan ma'aikata, wanda ko tafasasshen ruwa bai dame shi ba. Akwai siriri mai laushi da take ɓoyewa cikin kalmasar tawul da zanen gado. Na jikin kurar kaya kauri gare shi, don ƙarfe yana toshe wa sirirai baki, kuma da noti ake ɗaure shi, ba ruwansa da allurarta. Na takarda da ake mannawa a kwali kuwa raina shi take yi, wai ba ya jure wahala.

Ga ta da surutu, Allah Ya yi ta. Hannu na ɗinki, baki na labari, ido na kan mai saurare. Ta daina duba abin da take ɗinkawa tun tuni, kuma ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Da cikin autarta ya tsufa, sai yarinyar ta kira ta a waya.

"Inna, tawul ɗin Kaka fa? Ni a ciki nake so a naɗe abin da zan haifa."

Babban farin tawul ne. Marigayiya mahaifiyar Inna ce ta kalmashe bakinsa da hannu, kuma a ciki aka naɗe 'ya'yan Inna kaf. Da ta zaro shi daga ƙasan akwati sai ta ga ya dafe da ajiya. Ta nemi izinin Manaja, ta miƙa wa mai injin wanki ya haɗa da tawul-tawul na wani otal, tunda injin kamfani ya fi hannu fito da fari.

Aka tashi aiki, ba tawul. Hankalin Inna ya tashi sosai, don ba ta da wani abu na mahaifiyarta bayan shi.

Washegari Mai Sito ya ce, "Kwantar da hankalinki, Inna. Komai na gidan nan yana amsa kira, naki ne kaɗai kurma. Mu riƙa ɗora tawul-tawul ɗin kan teburin karantawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi shiru shi ne."

Suka yi ta ɗorawa har kafaɗa ta gaji. Kowanne sai ya yi ƙara. Can sai Mai Guga ta leƙo ta ce, "Af, Inna, jiya fa wani tawul ya ƙi yin ƙara. Na sa miki a kwandon marasa alama, kamar kullum."

Duk suka juya ga kwandon. Wayam. Inna ta dubi hannayenta kamar na aro. Jiya ne ta ba da labarin rigimar maƙwabcinta da mai gyaran famfo, labari mai daɗi, kuma kafin ta kai ƙarshensa ta gama da kwandon tas. Da hannunta ta ɗinka wa tawul ɗin uwarta alama, ta sa shi cikin kayan otal, Direba ya loda ya tafi.

Mai Sito ya yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta harare shi, sannan ita ma ta fashe, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta san baƙin otal kan tafi da tawul cikin jaka, tsohon tawul kuma akan mai da shi tsumman goge ƙasa.

"Yanzu dai yana da baki," in ji Mai Sito. Ya zuba lambobin duk abin da ta ɗinka ranar cikin injin hannu, wanda ke ƙara sauri-sauri in ya kusanci abin da ake nema.

Daga ranar, duk sanda motar kamfanin ta dawo, Inna na tsaye a bakin ƙofa da injin a hannu kamar mai gadi. Injin da ke jikin ƙofar yana karanta kura guda a wucewa ɗaya, amma shi ba ya nuna wane ne a ina, sai ta bi tulin kayan da kanta. Ta tono mai shatin janbaki, ta tono mai warin turare, duk ba shi ba ne. Auta kuma kullum sai ta kira.

"Inna, ina tawul?"

"Yana wanki, 'yar nan."

"Wannan wane irin wanki ne?"

"Na kamfani ne, ba a gaggawa."

Ran nan da hantsi injin ya ruɗe a kan wani ƙunshi. Inna ta zura hannu har kafaɗa, yatsunta suka gane kaurin kalmasar tun kafin ido ya gani. Ta rangaɗa guɗar da ta fito da Manaja daga ofis. Direba ya ce tawul ɗin dai ya more, ya kwana ɗakunan da ko leƙa su ba a bari su yi.

Wannan karon a bokiti ta wanke shi, ta tsaya a kansa har ya bushe. Sannan ta zauna a teburinta, ta sa tabarau, ta ɗauki almakashi don ta farke ɗinkinta ta cire alamar. Ta bi kalmasar da ido, ta koma ta sake bi. Tazarar allura ɗaya, karkata ɗaya, har ɗan ƙullin da ake juyawa ciki. Ta rasa inda ɗinkin mahaifiyarta ya tsaya, nata ya fara.

Kewa ta taso mata. Ta ajiye almakashin.

"Mai Sito, goge lambar nan daga cikin kayan otal."

"Maɓallin fa, Inna?"

"Bar shi a ciki. Ban san zaren wa zan yanke ba."