Shekarar da Na Sake Koyon Aljabra

Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Gaya lokacin da na nemi gurbin digirin digirgir a fannin kwamfutar kwantom, wato mai aiki da dokokin fiziks na ƙwayoyin zarra. Wata farfesa ce a ƙasar waje ke neman ɗalibi, ta kuma yarda mu yi intabiyu ta bidiyo. A gidanmu na Toranke sabis sai ya ga dama, don haka na roƙi shugaban makarantarmu ya ara mini ofishinsa, na jingina wayata da tulin littattafai.

Da farko hira ta yi daɗi. Na yi mata bayanin kubit, wato ƙwayar bayanin da irin wannan kwamfuta ke aiki da ita, wadda kan zama gaurayen sifiri da ɗaya kafin a auna ta. Sai ta ce in ɗauki takarda in lissafa mata abin da ke faruwa idan kubit biyu suka sarƙe da juna. Na rubuta, na soke, na sake rubutawa.

"Sha'awarka a bayyane take," in ji ta, "amma aljabrarka ba ta kai ba. Bana ba zan ɗauke ka ba. In ka gyara, ka dawo baɗi."

Da na koma gida na iske Baba a gonar gero, na gaya masa yadda aka yi. Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni.

"Ita wannan kwamfutar, ka taɓa ganinta?"

"A hoto kawai, Baba."

"To me aka ce ka rasa?"

"Lissafi."

"Ana samunsa a nan, ko sai an je can?"

"Ana samu."

"To ka bar mana noman bana, ka je ka nemo shi."

Na koma tun daga tushe. Da asuba bayan salla nake zama, kafin in hau babur zuwa Gaya. Darussan bidiyo a makaranta nake sauke su, in kalla a gida. A littafin aljabrata akwai babin da ya gagare ni tun damina har aka yi girbi. Wani lokaci in ture littafin in fita, in zaga bayan gida, in dawo in sake ɗauka. Abokan aikina suka riƙa tsokanata da "Dokta", ni kuwa sai in yi dariya in wuce.

Da shekara ta zagayo na sake nema. Wannan karon tambayarta ta fi wuya, a kan gyaran kuskure ce a lissafin kwantom. Na yi tuntuɓe a tsakiya, na gano da kaina, na gyara. Ta duba aikin da na nuna mata, sannan ta ce, "Yaushe za ka iya farawa?"

A ranar ta turo mini maƙalar bincike ta farko. Shafin farko kaɗai na fahimta. Na jawo kujera, na fere fensir, na shiga na biyu.