Sandar da Baffa Ilu Ya Riƙe wa Bature

Duk wanda ya san Baffa Ilu ya san shi da sanda a kafaɗa, yana ɗingishi. A lura da kyau: sandar tana kafaɗa, ciwon yana gwiwa. Ni ɗan ƙanensa ne, kuma ni ke rubuta bayanan taron zuriyarmu, saboda haka wajibi ne in gyara ƙaryar da ake yaɗawa a Wudil cewa muciya ce. Ba muciya ba ce!

Sandar wani wasa ce na ƙasar Ailan, mai kama da ƙwallon gora, sai dai kanta faffaɗa ne. Wani Bature da ya koyar da Baffa yana saurayi ya bar masa ita ranar da zai koma gida, ya ce ya riƙe masa. Baturen bai dawo ba. Baffa kuwa ya riƙe.

Sau ɗaya matarsa, Inna Hajara, ta tuƙa tuwon suna da ita.

"Haba Malam, itace ne fa," in ji ta.

"Itacen mutane ne," ya ce. "Tuwon nan ma sai na tambayi hukuncinsa."

Ranar a maƙwabta ya ci abinci.

Ciwon gwiwar ma sandar ce sanadi. Wata Juma'a a kara, kasuwar shanu, wani bijimi ya ƙwace ya nufo shi. Jama'a na ihu, "Baffa, kwaɗa masa!" Sai Baffa ya kwanta a kan sandar, ya ba bijimin ƙafa. A asibiti na nuna masa ɓacin raina. Ya ce, "Cewa aka yi in riƙe. Ba a ce in kwaɗa ba." Da na roƙe shi ya riƙa dogarawa da ita, ya dube ni kamar na ce ya ci dukiyar marayu.

Maƙwabcinsa Dakta Yohanna, malamin jami'a, shi ya gano a waya cewa Baturen ya rasu, amma yana da jika mai buga wasan a ƙungiyar matasan yankinsu. Muka ce alhamdulillahi, magaji ya samu. Baffa ya ce sai ya ga wasansa. Aka nuna masa. Yaron yana benci.

"Ba na miƙa amana ga mai zaman benci," ya ce.

Daga nan ya zame wa yaron koci, ba da sanin yaron ba. Yana yi wa wayar faɗa: "Ɗaga kai, ɗan nan! Kakanka ba haka yake gudu ba!" Da yaron ya karye a yatsa, Baffa ya raba sadakar ƙosai, ya nemi liman ya sa shi a addu'a.

"Musulmi ne?" liman ya tambaya.

"Ɗan baya ne a ƙungiyarsu," in ji Baffa.

Shekarar da aka ɗauki yaron cikin manya, ya tare wata ƙwallo a sama da tafin hannu, aka ci kofi. Baffa ya ce, "To, yanzu ya isa gado." Dakta ya aika saƙo, yaron ya kira ta bidiyo. Da ya ga sandar, sai ya ce shi da danginsa sun bar wa Baffa ita.

"Dakta, ce masa ya maimaita. Shaida ɗaya ba ta isa ba," in ji Baffa.

Aka kira ni, ya maimaita. Sai Baffa ya sauke sandar daga kafaɗa, ya dafa ta a ƙasa, ya jingina nauyinsa a hankali.

"Ta ɗan yi gajarta," ya ce.

Da ita ya dogara zuwa sallar la'asar, kuma ban taɓa ganin ya isa sahun farko da wuri haka ba. Kafin damina ta wuce ya rasu.

Allah, bawanka ya riƙe abin da aka ba shi har ya ji ciwo a kai. Ga shi mun ba Ka ajiyarsa. Ka jiƙansa, Ka sa ya huta. Amin.